Kilomita 900 a Tsohuwar A-kori-kura: Tsatsa Daga Tanki Har Casis

Mun ci kilomita 140 lafiya ƙalau kafin motar ta fara nuna halinta. A kan wani dogon hawa ne, ina giya ta uku, ƙafata ta kusa kai totur ƙasa, sai injin ya yi 'yar shessheƙa, ya fizga sau biyu, ƙarfinsa ya zube kamar an zare masa laka. Na dawo giya ta biyu ya ɗan farfaɗo, bai yi nisa ba ya mutu murus. Na karkatar da ita gefen titi, yaron da ke koyon aiki a hannuna ya diro ya danna wa tayar baya dutse.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce da ta haura shekara 30. Injinta na fetur ne, silinda huɗu, lita 2.4, mai kafireta (na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji), da famfon mai irin na da wanda injin da kansa yake kaɗawa. Tankinta na ƙarfe ne mai cin lita 60, an rataye shi ƙarƙashin bodi da ɗamara biyu. Ta fi shekara a ajiye da ɗan guntun mai a tanki kafin a ce mu kai ta wani wuri mai nisan kilomita 900, ɗauke da kaya kimanin kilo 600, wani ɓangaren hanyar kwalta, sauran burji, kuma a ƙarshen damina. Kafin mu tashi an canza mata baƙin mai da fulogi da batir, amma babu wanda ya leƙa ƙarƙashinta da tocila.

"Maigida, ko wuta ce ta ɗauke?" in ji yaron.

Na ce masa a'a, ya tuna yadda ta mutu. In wuta ce, injin yakan yanke lokaci guda kamar an murɗe makulli. Wanda mai ya gaza masa kuwa a hankali yake sanyi, kuma a inda ake neman ƙarfinsa. Muka cire matatar iska, na leƙa maƙogwaron kafireta, na ja totur da hannu sau uku. Lafiyayyar kafireta takan feso siririn fetur duk lokacin da aka ja. Wannan ko ɗigo babu. Muka jira minti goma, na murɗa makulli, ta tashi tana silo tsaf, wato injin na aiki a tsaye ba a taka totur ba, kamar ba ita ba. Wannan shi ne abin da ke ruɗa direbobi da yawa, har su ce motar hutu take so. Lissafin kuwa a fili yake. A silo injin irin wannan kusan lita ɗaya yake sha a awa, amma a kan hawa da kaya yana iya neman lita 20 ko fiye. Hanyar mai da ta toshe rabi da rabi za ta ishe shi a tsaye, ba za ta ishe shi a kan tudu ba. Ɗan kwanon da ke cikin kafireta bai fi ƙaramin kofi ba, da ya ƙafe shi ke nan.

Na zare filtar mai, na tsaga ta da wuƙa, na juye cikinta a kan farin ƙyalle. Duk mai tsohuwar mota ya kamata ya saba da wannan, domin filta tana faɗin abin da ke faruwa a inda ido ba ya kai. In ka ga yashi ko ƙura, daga jarka ko mazurari mara tsabta suka shigo. In baƙaƙen ɓarɓashi ne masu laushi da ke murjewa a yatsa, cikin tiyon roba ne yake zagwanyewa. In danƙo ne mai ruwan ƙasa da wari mai tsami, tsohon fetur ne da ya daɗe a zaune. Abin da ya zubo mana jan gari ne kamar an niƙa bulo, da ɓawo-ɓawo masu girman ƙwayar yashi. Na kara maganaɗisu, yawancinsu suka manne. Tsatsa ce, kuma babu inda za ta fito da yawa haka sai tanki. Muka ɗaura sabuwar filta, kibiyar jikinta na kallon injin, muka kama hanya. Na san ba a nan gizo ke saƙar ba, filta dai ta tare abin da ya iso gare ta ne kawai.

Kilomita 65 muka ƙara ta sake mutuwa, wannan karon a miƙaƙƙen titi. Sabuwar filtar ta ɗan yi ja amma ba ta toshe ba. Na fara da abu mafi sauƙi, murfin tanki. Tanki yana buƙatar iska ta maye gurbin man da ke fita. In ƙofar iskar ta toshe, famfo zai yi ta ja har ya gaji, kuma in ka buɗe murfin za ka ji ya ja iska da ƙarfi, fuuu. Namu bai yi ba. Sai famfo. Na cire wayar koyil don kada ta tashi, na zare tiyon da ke shiga kafireta na sa bakinsa a kwalba, yaron ya murɗa makulli na daƙiƙa goma sha biyar. Abin da ya taru bai fi cokali uku ba, kuma da kumfa a ciki. A daidai nan ne ake yanke wa famfo hukunci ba da haƙƙinsa ba, a sayi sabo, a ɗaura, matsalar na nan. Na cire tiyon da ke kawo wa famfon mai daga baya, na ɗaura masa guntun tiyo zuwa wata kwalba mai fetur mai tsabta, muka sake gwadawa. Ya riƙa tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Famfo irin wannan matsin da yake bayarwa kaɗan ne, tsakanin 0.2 zuwa 0.4 a ma'aunin matsi da ake kira bar, amma in yana da lafiya zai ba ka kusan rabin lita cikin minti ɗaya. Na kuma zaro sandar auna baƙin mai na shinshina. In robar cikin famfo ta tsage, fetur yakan gangara cikin injin, baƙin mai ya yi ruwa-ruwa, ya ƙaru a sanda maimakon ya ragu, kuma wannan yana cinye metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, cikin ɗan lokaci. Babu warin fetur. Famfo ya fita daga zargi, ciwon yana bayansa.

Na sa yaron ya buɗe murfin tanki ya kasa kunne, ni kuma na haɗa famfon taya na ƙafa da bututun da ya tafi tanki na taka a hankali. Da farko ya cije. A taku na uku sai ya saki, yaron ya ce yana jin ɓulɓul a ciki. A bakin bututun da ke zuƙo mai a gindin tanki akwai 'yar raga kamar safa. Muddin injin na ja, ɓawon tsatsa na taruwa yana liƙe mata har ya rufe ta. In injin ya mutu, jan ya tsaya, wasu su zube, hanya ta ɗan buɗe. Sirrin minti goman ke nan. Hura iska baya dabara ce ta kai kanka inda za a yi gyara, kuma sai da murfi a buɗe, a hankali, don iska mai ƙarfi tana iya fige ragar gaba ɗaya ko ta kumbura tanki. Sau uku muka yi haka a cikin kilomita 70, har muka iso wani gareji mai rami da la'asar sakaliya.

Sauke tanki yana da ƙa'ida. Aka cire kan batir na nagatif tukuna. Aka hana kowa kusantowa da sigari, aka kashe wutar da ke ci a kusa. Muka zuƙe man da famfon hannu zuwa jarkoki, ba da baki ba. Lita 35 ta rage, kuma tunda kowace lita ta kai kusan gram 740, nauyin ya doshi kilo 26 ban da na tankin, ba abin da za a tara da ƙirji ba ne. Notunan ɗamarar sun ci tsatsa har kusurwoyinsu sun shafe. Muka jiƙa su da man sassauta noti, muka bar su rabin awa, ɗaya ya kwance, ɗayan ya karye.

Da tankin ya sauko sai muka ga laka ta yi kauri kamar yatsa biyu a samansa, kuma da na kwarfe ta, ƙasanta a jiƙe yake duk da an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ƙarƙashin lakar ƙarfen ya yi ƙuraje, da ƙananan huda biyu kamar na allura. Inda ɗamara ta kwanta ma haka, domin robar da ke tsakaninsu ta riƙe ruwa shekara da shekaru. Na juye ragowar man gindin tankin a kwalbar gilashi na ajiye ta minti biyar. Ta rabu gida biyu sarai: fetur a sama, a ƙasa kuma jan ruwa mai kauri kamar yatsa uku. Na miƙa wa yaron na ce ya duba da kyau, domin abin da ke cikin kwalbar nan shi ne ya tsayar da mu sau biyar a hanya.

Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka duk ɗigon da ya shiga tanki gindi yake sauka ya zauna, kuma fetur da ke samansa ya hana shi bushewa. Hanyoyin shigarsa uku ne. Akwai wanda ke zuwa tare da man tun daga inda aka saya. Akwai wanda ke bi ta robar murfi da ta tsage ko ta hudar sama irin tamu. Na ukun shi ne wanda ba a lura da shi: tankin da ba a cika ba numfashi yake yi. Da rana iskar cikinsa ta yi zafi ta fita, da dare ya ja sabuwa mai laima, raɓa ta kwanta a bangonsa ta gangara. Motar da aka ajiye shekara guda da kwatan tanki ta yi wannan numfashin sau ɗari uku da wani abu. Tsofaffin tankuna akan shafe cikinsu da dalma da kuza don kariya, amma shafen yana da iyaka, kuma da ya huje a wuri ɗaya tsatsa ta samu ƙofa. Inda ake sayar da fetur mai haɗin etanol kashi 10 cikin ɗari, abin ya ƙara wani salo. Etanol yana shan ruwa ya riƙe, har kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato kimanin mililita 300 a tankin lita 60. In ruwan ya wuce haka sai su rabu da fetur, etanol da ruwa su kwanta a gindi, daidai inda bututu ke zuƙa. Kuma yana cin tsohuwar robar da ba don shi aka yi ta ba.

Muka ciro bututun zuƙo mai da ma'aunin mai. Ragar ta zama kamar an tsoma ta a jar laka, ta yage a gefe ɗaya. Muka wanke tankin da ruwa da sabulu sau uku, sannan muka zuba masa notuna guda 40, a ƙirge, da guntun sarƙa, mu biyu muka yi ta jijjiga shi muna juyawa kusan rabin awa. Ana ƙirga notunan ne don a tabbatar duk sun fito, domin tankin yana da shinge a ciki da ke riƙe su. Abin da ya zubo ya kusa cika tafin hannu biyu. Wani a garejin ya ba da shawarar a zuba ruwan batir, na ƙi. Ruwan batir ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, kuma bayansa tsatsar takan dawo cikin awoyi. Maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik muka sa, wanda ke mayar da ita wani baƙi-baƙin shafe mai kama jikin ƙarfe. Ya kwana a ciki muna juya tankin lokaci-lokaci, da safe aka ɗauraye, aka shanya shi a rana da duk ƙofofinsa a buɗe har ya bushe ƙayau.

Hudojin nan biyu kuwa da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu wanda fetur ba ya narkarwa muka toshe su, bayan an goge wurin har ya yi fari. Ban yarda a kai musu wuta ba. Tururin fetur yana kamawa da wuta in ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska, abin da ke nufin tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, kuma wanki da ruwa ba ya fitar da man da ya maƙale a haɗin ƙarfe. Mutane sun rasa rayukansu a kan wannan. Gam ɗin ma na kai mu gida ne. Tankin da ya huje a wuri biyu ya sirance a wuri ashirin.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba tankin ba ne, abin da saukar da shi ya tona ne. Na shiga rami da tocila da ƙaramar guduma na bi casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da motar gaba ɗaya ke zaune a kansu. Daga waje baƙin fentin nan mai kauri yana nan lumui. Na fara ƙwanƙwasawa daga gaba. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ƙal-ƙal, gudumar ta dawo maka. Da na zo daidai inda kan sifirin baya na hagu ke rataye, ta ɓangaren ciki da tanki ya rufe, sai sautin ya koma dif-dif kamar ana dukan kwali. Na ƙara ƙarfi kaɗan, kan gudumar ya shige. Busasshiyar laka da ɓawon tsatsa suka zubo mini a hannu.

Casis irin wannan kamar dogon akwati yake, rufe ta kowane gefe, kaurin ƙarfensa bai wuce milimita 3 ba ko kusa da haka. Yana da ƙofofi a gefe da ƙananan hudoji a ƙasa don ruwa ya fita. Laka ta shiga ta manyan, ta toshe ƙananan, sai cikin ya zama kwano mai riƙe damshi wata da watanni. Daga ciki tsatsar ke ci ta fito waje, shi ya sa ido ba ya ganinta sai ta gama aiki. Tsatsa kuma tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta cinye sau da yawa, saboda haka duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ka ga bakinsu ya kumbura ya buɗe kamar littafin da ya sha ruwa, to ciki ya lalace. Baƙin fentin roba da ake fesawa a kan tsatsa ba tare da an kankare ta ba, rufa-rufa ce. Yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa, ya hana shi fita.

Wannan ciwo ba na mota ɗaya ba ne, kuma ya fi tsanani ga motocin da suka yi rayuwa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ko a bakin teku, domin ruwan gishiri yana gaggauta tsatsa ƙwarai. A Amurka, a 2008, Toyota ta tsawaita garantin tsatsar casis zuwa shekara 15 ga motocin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000, fiye da guda 800,000, har ta riƙa sayen waɗanda suka lalace daga hannun masu su. A 2016 kuma ta amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 kan casis ɗin Tacoma da Tundra da Sequoia kimanin miliyan ɗaya da rabi. Duk mai sayen tsohuwar a-kori-kura da aka shigo da ita daga ƙasar sanyi, ya tafi da guduma, kuma ya ƙwanƙwasa ta ciki, ba inda mai sayarwa ya nuna masa ba.

Mai waldar garejin dattijo ne mara yawan magana. Ya sa yatsa a ramin ya ɓare gefensa, ya dube ni.

"Da wannan kayan za ku hau burji, ɗana?"

"Da shi ne, Baba."

"To ba yau ba."

Gaskiyarsa ce. A gargada, kan sifirin yana dukan wannan wuri dubban sau a awa. In ya ɓalle, gatarin baya zai karkace, motar ta juya inda ta ga dama. Muka sauke kayan, aka ɗora casis a kan turaku huɗu don nauyi ya bar sifirin, aka auna tsawonsa kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu aka rubuta. Tankin da jarkokin aka kai su can nesa bayan gini, aka cire bututun mai gaba ɗaya. Baba ya yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da bakin yankan ya nuna farin ƙarfe mai cikakken kauri ta kowane gefe. Ramin da kan guduma ya buɗe ya zama taga mai tsawon santimita 28. Ta nan muka kwashe laka ta fi rabin bokiti. Ya yanko faranti mai kaurin milimita 3 daidai tagar ya liƙe, ya goge, sannan ya ɗora wani a kai wanda ya zarce ta da santimita 10 kowane gefe. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya fiƙe bakin farantin na sama kamar kan mashi, bai bar shi a miƙe ba. Layin walda da ya tsaya a tsaye daga saman casis zuwa ƙasa yana tara wahala a wuri ɗaya, kuma a gefensa ake samun tsagewa daga baya. Ya huda farantin a wuri shida ya cike hudojin da walda don tsakiyarsa ma ta kama. Santimita uku-uku yake yi, ya tsallaka wancan gefe, ya jira ya huce, don zafi kada ya karkatar da ƙarfen. Bai sa faranti mai kauri fiye da na asali ba, domin wurin da ya fi sauran tauri yakan tura karaya zuwa maƙwabcinsa. Da ya gama muka sake aunawa, awon bai motsa ba.

Bututun mai da muka cire shi ya warware mini zancen kumfar nan da na gani a kwalba jiya. Ƙarfe ne mai faɗin milimita 8, kuma a ƙarƙashin wani kilif da ke riƙe shi ya yi tsatsa har ya huje. Bai taɓa ɗigar da mai a ƙasa ba, domin a wannan ɓangaren famfo ja yake yi, ba turawa ba, sai hudar ta riƙa shan iska. Mota mai famfon lantarki a cikin tanki akasin haka take: bututunta na ɗauke da matsin kusan bar 3, huda irin wannan feshi za ta yi, wataƙila a kan salansa mai zafi. Muka sa sabon bututu tun daga tanki har gaba. Guntayen tiyon roba na haɗi ma duk muka canza, da wanda aka rubuta SAE J30R7 a jikinsa, wanda ya dace da kafireta. Mota mai injekta, wadda ke fesa mai da matsi maimakon kafireta, sai J30R9, wanda zai zauna cikin tanki kuma sai J30R10. Tiyon ruwa ko na iska in aka sa wa fetur, kumbura yake yi ya narke daga ciki.

Kusa da shi, a kilif ɗaya, bututun birkin baya yake, siriri mai milimita 4.75, shi ma ya yi ƙuraje. Na lanƙwasa shi kaɗan da yatsa ya tsage. Wannan bututun a taka birki na gaggawa yana ɗaukar matsin da ke iya kai bar 100, kuma ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da zai fashe. Ba a yi masa faci da tiyo, ba a haɗa shi da noti mai matsewa irin na famfon ruwa. Aka sa sabo cikakke mai baki ninki biyu, muka fitar da iska muna farawa daga tayar da ta fi nisa da tukunyar birki. Wanda ya samu na haɗin jan ƙarfe da nikel ya fi, don ba ya tsatsa. Jan ƙarfe zalla kuwa jijjiga tana taurara shi har ya tsage.

Kafireta ba ta ɗauke mu awa ɗaya ba. Jan gari ya kwanta a gindin kwanonta, wani ɓawo kuma ya maƙale a bakin allurar fulot, wadda ke buɗewa da rufe hanyar shigar mai cikin kwanon. Muka wanke, muka hure jet-jet, wato ƙananan ramukan da mai ke bi, da iska, ba a tsokane su da waya ba don kada ramin ya faɗaɗa ta koma shan mai.

A rana ta uku muka hau burji da sassafe. Motar ta ja kamar an canza mata inji. Da azahar, bayan mun tsaya minti goma a rana tsaka, ta yi gardamar tashi, na taɓa famfon na ji shi kamar garwashi. Wasu sassan fetur suna fara tafasa tun daga digiri 35 zuwa 40, kuma in injin ya tsaya zafi yakan taru a ƙarƙashin bonet, man cikin famfo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Jiƙaƙƙen tsumma a kansa na minti biyar ya isa. Na kuma ga sabon tiyonmu ya matso kusa da bututun hayaƙi, na janye shi na ɗaure.

A wata mashigar ruwa muka tarar da wata a-kori-kura mai dizal ta mutu bayan ta haye, fitilar gargaɗin ruwa na ci a gaban direban. Muka kwance ɗan famfon da ke gindin filtarta, ruwa ya fi rabin kofi ya zubo kafin dizal ya biyo. Muka sassauta notin fitar da iska, muka yi ta danna famfon hannu da ke saman filtar har kumfa ta ƙare, ta tashi. Na roƙe shi kada ya ƙara tafiya da fitilar nan a kunne, domin dizal shi ne man shafawar famfon injekta, ruwa kuwa yana lalata famfon. Mu ma da muka haye ruwan, wanda ya kai rabin taya, na leƙa na ga yana tsiyaya ta hudojin ƙasan casis da muka buɗe jiya.

Mun isa da magariba. Washegari na zura tiyon ruwa cikin casis ta kowace ƙofa har abin da ke fitowa ya koma fari, muka bar motar kwana biyu a rana, sannan muka fesa man kariya mai kakin zuma a ciki da doguwar tiyo, kusan lita ɗaya kowane gefe, da saman tanki, da ƙarƙashin ɗamara, da kowane kilif. Na tsaga filtar da ta yi kilomita 600 na ƙarshe a kan farin ƙyalle, 'yan ƙwayoyi ne da ba su rufe kan farce ba. Na rubuta wa mai motar abin da ya rage: sabon tanki kafin damina mai zuwa, maratayin sifirin dama da sautinsa bai gamsar da ni ba, da gindin mazaunin batir da ya fara ɓarewa. Da yake an ce za ta yi makonni kafin a sake tayar da ita, na kai ta gidan mai na cika tankin har wuya, na sa sabuwar roba a murfin, sannan na miƙa makulli.